Wurin Ajiye Motoci, Sashe na Shida

Sun ce za a kawo mana babbar ƙungiyar besbol.
Shekara goma sha ɗaya ke nan ina jin "za a",
tun Verlene na da rai,
tun titin nan bai san cunkoso ba.

Ni ne Odell, mai ban ruwan ƙaramin filin
da ke bayan tashar jirgin ƙasa.
Da asuba nake zuba farar hoda a kan jar ƙasa,
layi biyu, daga gida har shinge,
in share tasha ta ɗaya, ta biyu, ta uku,
in daddale tudun mai jifa da dunduniyar takalmi.
Shekara talatin da huɗu. Gwiwata ce ke riƙe da lissafin.

Birnin ya yi ƙiba ina sunkuye.
Kullum motocin kaya na gangarowa daga arewa,
lambar Ohio, lambar Michigan,
masu gudun ƙanƙara da tsadar haya.
Ƙanƙarar sun baro ta can, tsadar ta biyo su.
Inda tsoho Pettiford ke gasa haƙarƙari
yanzu bene ne hawa ashirin, gilashi zalla,
in ka ɗaga kai sai ka ga kanka ɗan mitsitsi.

Jiya a zauren majalisar birni
wani saurayi mai laushin hannu ya yaye ƙyalle.
Ga filin a kan tebur, na kwali da roba,
kujera dubu arba'in,
da 'yan mutanen roba, hannuwa a sama,
ba wanda aka aiko wa takardar haraji.
Na gyara tabarau na nemi layinmu.
Na same shi:
wurin ajiye motoci, sashe na shida.
Bishiyar da Verlene ta dasa shekarar da muka biya bashin gidan
ta faɗo daidai inda aka rubuta "Mafita".

Wata mata ta tambayi wa zai biya.
Aka ce baƙi, masu kwana a otal.
Muka yi dariyar da ba ta wuce haƙori ba.

Amma kada in yi muku ƙarya, ina so.
Ina ɗan shekara bakwai na fara jin
gora ta haɗu da ƙwallo, ƙwas!
Ta ramin katako na ji,
zamanin da masu irin fatata ke da ƙofarsu daban.
Ƙarar nan ba ta fita kunnena ba har yau.
Ina so in ji ta cikin dare, ƙarƙashin manyan fitilu,
da sunan garinmu a ƙirjin mai bugun.

Jikana Tavian bahago ne,
jifarsa na lanƙwasa kamar tana jin kunyar gora.
Ya ce, "Kaka, in sun zo za ka kai ni?"
Na ce, "In sun zo."
Ban faɗa masa daga wace unguwa za mu taso ba.

Ba mu kaɗai ba ne kuma.
Wasu biranen ma sun yanka kwalinsu, sun jera 'yan robarsu,
kowa ya kasa kunne ga wasu attajirai a can nesa
da ba su taɓa shaƙar ƙasar nan bayan yayyafi ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne wannan:
a sauran wasanni, gidan wani ake kai wa hari.
A namu, mutum kan bar gida a guje,
ya zaga duniya ta kusurwa uku,
ba a rubuta masa komai
sai ya dawo ya taɓa gida.

Hadari ya haɗo ta yamma.
Yara na da wasa ƙarfe biyar.
Tavian, kama wancan bakin tamfol ɗin,
ja, a hankali,
kada ka taka mini layi.